Lambar da ta yaudari Mersenne

A fara da 1, a ninka ta ta zama 2, a sake ninkawa ta zama 4, a yi ta haka har sau 67, sannan a cire 1. Abin da zai fito shi ne 147,573,952,589,676,412,927, lamba mai alƙaluma 21. Masana lissafi sun shafe fiye da shekara 200 kafin su gane ainihin ajinta.

Tun zamanin Girkawa ake kasa lambobi gida biyu. Akwai masu rabuwa, kamar 15 da ke fitowa daga 3 sau 5. Akwai kuma marasa rabuwa, kamar 7 da 31, waɗanda babu mai raba su ba saura sai 1 da su kansu. A 1644 wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, ya fitar da jerin adadin ninkin da ya ce suna haifar da marasa rabuwa idan aka cire 1: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba. Ko na 31, wato 2,147,483,647, sai a 1772 Leonhard Euler ya tabbatar da shi.

A 1876 Édouard Lucas ya ƙirƙiro gwajin da ya nuna cewa Mersenne ya dace a kan 127 amma ya kuskure a kan 67. Sai dai gwajin Lucas na nuna cewa lamba tana rabuwa ne kawai, ba ya faɗin masu raba ta. An san akwai su, ba a san ko su wane ne ba.

Wanda ya zaƙulo su shi ne Frank Nelson Cole na Jami'ar Columbia. A watan Oktoban 1903, a taron ƙungiyar masana lissafi ta Amurka a New York, ya miƙe zuwa allo. Kamar yadda Eric Temple Bell ya ruwaito, bai ce uffan ba. A gefe ɗaya ya lissafa lambar, a ɗaya gefen ya buga 193,707,721 sau 761,838,257,287 da alli, layi bayan layi. Amsoshin suka zo daidai, ya koma ya zauna, zauren ya kaure da tafi. Bell ya ce aikin ya cinye wa Cole ranakun Lahadi na shekara uku. Haƙurin nan ya cancanci tafin, domin da hannu ya yi komai.

Daga baya aka gano cewa 257 ma kuskure ne, kuma Mersenne ya tsallake 61 da 89 da 107. Duk da haka sunansa ne ya bi wannan dangin lambobi. Tun 1952 kwamfuta ta karɓi farautarsu, kuma a Oktoban 2024 Luke Durant ya gano ta 52 cikin marasa rabuwar da aka sani a dangin: ninki 136,279,841, mai alƙaluma 41,024,320.