Tobi Amusan: Abin Da Ya Kamata Mu Sani Game Da Sarauniyar Gudun Tsallake Shinge

’Yan uwa mazauna Kudu, musamman na Sabon Shagamu da Ijebu Ode, wannan bayani naku ne, domin macen da ta fi kowace mace a duniya saurin gudun tsallake shinge a maƙwabtanku ta tashi. Daga nan Bauchi nake kawo muku taƙaitaccen tarihinta.

Wane irin gudu ne?

Tsere ne na mita 100, an jera shinge 10 a hanya, tsayin kowanne santimita 83.8. Daga layin farawa zuwa shingen farko mita 13 ne, tsakanin shinge da shinge kuma mita 8.5. Taku uku kacal ƙwararriya take yi a tsakani, sai ta haye. Ƙafa ta ɗan taɓa shinge ɗaya, shi ke nan, wahalar shekara guda na iya tafiya a banza.

Tasowarta

An haifi Oluwatobiloba Ayomide Amusan ranar 23 ga Afrilu, 1997 a Ijebu Ode, jihar Ogun. Iyayenta malaman makaranta ne. Ta sha faɗa a hira cewa mahaifinta bai so wannan gudu ba da farko, karatu yake so ta riƙe, mahaifiyarta ce ta tsaya mata.

A 2015, tana da shekara 18, ta ci zinare a gasar wasannin Afirka a Brazzaville. A 2016 ta samu gurbin karatu kyauta a Jami’ar Texas da ke El Paso a Amurka. Wato dai gudun da ake tsoron zai raba ta da boko, shi ya kai ta jami’a. A 2018 ta ci zinare a gasar ƙasashen renon Ingila a Ostireliya.

Shekarun saura ƙiris

Wannan ne ɓangaren da na fi so matasanmu su lura da shi. A gasar duniya ta Doha a 2019 ta zo ta huɗu. A wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, ta huɗun dai ta sake zuwa. Ta huɗu kuwa ba ta da komai, ko tagulla. Amma a ƙarshen 2021 ta yi daƙiƙa 12.42 a Zurich, ta karya bajintar Afirka da Glory Alozie ta riƙe sama da shekara 20. Alozie ita ce ta ciyo wa Nijeriya azurfa a wannan tsere a Sydney a 2000.

Ranar 24 ga Yuli, 2022, a Eugene ta Amurka, Tobi ta yi daƙiƙa 12.12 a zagayen kusa da na ƙarshe, ta goge bajintar duniya ta 12.20 da Ba’amurkiya Kendra Harrison ta kafa a 2016. A zagayen ƙarshe ta yi 12.06 ta ɗauki zinare, sai dai ba a rubuta wannan lokacin ba, don iskar da ke tura su ta wuce mita 2 a daƙiƙa da doka ta yarda. Ita ce ’yar Nijeriya ta farko, mace ko namiji, da ta zama zakarar duniya a guje-guje da tsalle-tsalle.

Jarrabawa

A Yulin 2023 aka tuhume ta da saɓa ƙa’idar sanar da inda take ga masu gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari har sau uku. Kwamitin ladabtarwa ya wanke ta a Agusta, kotun wasanni ta duniya kuma ta tabbatar da hakan a 2024. A Olamfik na Faris ba ta kai zagayen ƙarshe ba, masu surutu suka ce ta ƙare. A 2025 ta dawo ta ci azurfa a gasar duniya a Tokyo.

Ina ruwanmu?

Bauchi ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa sau biyu, a 1991 da 2000, filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa kuma yana nan tsakiyar gari. Ba filin muka rasa ba. Abin da ke ƙaranci, a ganina, shi ne uban da zai ce wa ’yarsa je ki gwada.

Ku na Kudu kun ma fi mu dama, tunda ’ya’yanku na makarantun da ake wasannin gidaje duk shekara, inda masu horarwa ke tsinto yara. Na san damuwar iyaye ita ce sutura, kuma damuwa ce ta gaskiya. To amma a yau akwai Musulmai mata da ke shiga manyan gasanni da ɗankwali da dogon wando. Idan malamin wasanni ya ce ’yarka tana da ƙafa, malam, kada ka yanke hukunci daga shago. Je ka filin da kanka, ka ga wanda ke horar da su, ka ji sharuɗɗan, sannan ka yi shawara da mahaifiyarta.