Furen hof da dunƙulallen hof a dafa giya ta gida

Hof tsiro ne mai yaɗo, sunansa na kimiyya Humulus lupulus, wanda ake amfani da furen macensa wajen sa wa giyar sha'ir ɗaci da ƙamshi, da kuma hana ta saurin lalacewa. Masu dafa giya a gida a Turai da Amurka suna sayensa ta siga biyu: busasshen fure kamar yadda aka tsinko shi, ko dunƙulalle, wato wanda aka niƙa aka matse ya zama ƙananan ƙwayoyi masu kama da abincin kifi.

Asali

Ana noma hof a ƙasashe masu sanyi da doguwar rana lokacin bazara. Fitattun wuraren nomansa su ne Hallertau a Jamus, kwarin Yakima a jihar Washington ta Amurka, Žatec a Jamhuriyar Cek, da Kent a Ingila. Dokar tsabtar giya ta Bavariya ta shekarar 1516 ta ambaci hof cikin abubuwa uku da aka yarda a zuba wa giya, tare da ruwa da sha'ir. Dafawa a gida kuwa ta bazu ne bayan Birtaniya ta cire sharaɗin lasisi a 1963, sannan shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta ta a 1978.

Yadda ake sarrafa su

A cikin furen akwai wani gari rawaya mai danƙo da ake kira lufulin. A nan sinadaran ɗaci da man ƙamshi suke. Bayan girbi, a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ana busar da furen har laimarsa ta sauka zuwa kusan kashi 10 cikin ɗari. Idan an tsaya a nan, shi ne busasshen fure. Idan kuma dunƙulalle ake so, sai a niƙa shi, a tura garin ta cikin ƙananan ramukan ƙarfe. Nau'in da aka fi sani shi ne T-90, sunan da ke nuna cewa kilo 100 na fure yana ba da kusan kilo 90 na ƙwayoyi.

Bambancinsu a tukunya

Ɗacin hof ba ya fita sai an tafasa shi, yawanci na minti 60, domin zafi ne ke sauya sinadaran su narke cikin ruwan tsiron sha'ir. Niƙa ta riga ta farfasa lufulin ɗin dunƙulalle, shi ya sa yake ba da ɗaci fiye da fure da kusan kashi 10 cikin ɗari. Wanda ya musanya ɗaya da ɗaya bai gyara awo ba, giyarsa za ta fito dabam da yadda ya nufa.

Fure yana yawo a saman ruwa, yana kuma shan ruwan kamar soso, asarar da take da girma ga mai dafa lita 20 kacal. Amfaninsa shi ne idan ya kwanta a gindin tukunya yakan zama matata, ya tare dauɗa. Dunƙulalle kuma watsewa yake yi ya koma koriyar laka mai toshe bututu da famfo. Don haka wasu ke ƙulle shi a jakar raga, ko su juya ruwan da ƙarfi bayan tafasa har lakar ta taru a tsakiya.

Batun ƙamshi ne ake ta jayayya a kai. Masu son fure na cewa zafin injin matsewa yana ƙona wani ɓangare na man, kuma kamfanin Sierra Nevada na Kalifoniya ya yi suna da riƙo da cikakken fure. Sai dai galibin kamfanonin giya dunƙulalle suke amfani da shi, kuma sau da yawa tsufan hof ya fi sigarsa tasiri a kan ƙamshi.

Ajiya

A nan dunƙulalle ya yi wa fure nisa. Iska, zafi da haske ne ke kashe hof, kuma fure sako-sako ne, iska na ratsa shi ta ko'ina. Wanda ya tsufa yakan yi wari kamar na tsohon cuku. Dunƙulalle a matse yake, ba ya cin wuri, kuma idan an rufe shi a jakar da aka zuƙe wa iska aka sa a firiza yana iya yin shekaru. Mai shuka hof a bayan gidansa dai fure kawai ke gare shi, ko ya busar ko ya zuba shi ɗanye cikin kwana ɗaya da tsinkowa.