Kasuwa, Jita-jita da Adalci: Karanta Voltaire daga Zangon Kataf

A cikin wasiƙunsa game da Ingila, waɗanda suka fito a 1733, masanin falsafar nan na Faransa, Voltaire, ya kafa hujja da babbar kasuwar hada-hada ta Landan. A can Bayahude da Musulmi da Kirista suna ciniki, kowa na amincewa da alkawarin wani ba tare da tambayar inda yake ibada ba. A ganinsa, ciniki na tausasa zukata, kuma al'ummar da ta iya zama da bambancin aƙida ita ce ke ci gaba.

Tarihin Zangon Kataf ya gaskata rabin wannan magana. Hausawan garin da al'ummar Atyap sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya tun zamanin fatake. Amma a watan Fabrairun 1992 kasuwar ce ta zama sanadin zubar da jini, bayan ƙaramar hukuma ta yanke shawarar mayar da ita wani sabon wuri. A watan Mayu rikicin ya sake ɓarkewa, har ya kai Kaduna da Zariya. Tambayoyin da ke ƙarƙashin rumfunan tsofaffi ne: ƙasar wa ce, wa ke raba fili, wa ke naɗa hakimi? Masarautar Atyap da aka kafa a 1995 ta nuna cewa batun iko ne tun farko, kuma ciniki kaɗai ba ya warware shi.

Saboda haka nake ganin Voltaire na shekarun 1760 ya fi amfanar mu. A Maris ɗin 1762 kotun birnin Toulouse ta sa aka kashe Jean Calas, wani mai sayar da yadi ɗan ɗarikar Furotesta, bisa zargin cewa ya kashe ɗansa don kada ya koma Katolika. Jita-jitar unguwa ce ta zama hukunci. Shi kansa Voltaire da farko ya ɗauka gaskiya ne. Sai ya zauna da ƙaramin ɗan Calas, ya bi shaidu ɗaya bayan ɗaya, ya sauya ra'ayi, ya wallafa littafinsa kan haƙuri da addinin juna a 1763, bai huta ba sai da aka wanke sunan mamacin a 1765. A nan ne gyaran kai da gyaran al'umma suka haɗu: mutum ɗaya ya tuhumi abin da zuciyarsa ta yi saurin karɓa, har hukuma ta warware hukuncinta.

Voltaire bai tsira daga son zuciya ba. Abin da ya rubuta kan Yahudawa da Musulunci ya isa shaida. Hanyar bincikensa nake karewa. Ita ce kuwa muke buƙata a nan: rikicin Kafanchan na Maris 1987 a harabar Kwalejin Ilimi ya faro, tsakanin ɗaliban da ake shiryawa su zama malaman 'ya'yanmu. Kwalejin da ke yaye malamai a irin wannan yanki ya kamata ta riƙa koyar da auna labari kafin a yaɗa shi, da muhimmancin da take ba lissafi.