Yadda Rumawa Suka Mayar da Abokan Gaba 'Yan Gida

Masu nazarin tarihin Rum sukan danganta bunƙasar daular da ƙarfin rundunoninta. Ba a musun wannan ƙarfi, amma cin ƙasa da yaƙi daban, riƙe ta daban. Hujjar wannan maƙala ita ce, mulkin Rumawa ya ɗore ne saboda sun iya jawo waɗanda suka ci da yaƙi, su ba su rabo a cikin daular.

An ga wannan dabara tun a shekara ta 338 kafin miladiyya, lokacin da Rum ta murƙushe ƙawancen garuruwan Latin. Ba ta yi musu kuɗin goro ba. Wasu ta ba su cikakken 'yancin ɗan ƙasa, wasu 'yancin da babu ikon jefa ƙuri'a a ciki, wasu kuma ta ƙulla yarjejeniya da su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta nema daga kowa shi ne mayaƙa. Ranar amfanin tsarin ta zo a shekara ta 216 kafin miladiyya, da Hannibal na Kartaj ya ragargaza rundunar Rum a Kanne. Garin Kafuwa da wasu garuruwan kudu sun koma bayansa, amma yawancin tsakiyar Italiya ba su juya wa Rum baya ba, sai ta ci gaba da tara sababbin dakaru har ta yi nasara.

Da daular ta faɗaɗa, tsarin ya bi ta. Sojan taimako, wato wanda ba ɗan ƙasar Rum ba, da ya yi shekara 25 yana aiki, akan sallame shi da shaidar zama ɗan ƙasa, rubutacciya a kan tagulla. A shekara ta 48 miladiyya, Sarki Kalaudiyas ya buɗe wa manyan ƙasar Gol ƙofar majalisar dattawa. A 193 kuwa, Saftimiyas Sabiras, haifaffen Laftis Magna a Libiya ta yau, ya hau gadon sarauta. Ɗansa Karakalla ne ya bai wa kusan dukkan 'yantattun daular 'yancin ɗan ƙasa a 212.

Kada a ɗauki wannan a matsayin karamci. Rumawan nan ne suka bautar da mutum kusan 150,000 a Efiras a 167 kafin miladiyya, suka kuma rushe Kartaj da Korinti a 146. Su kansu ƙawayen Italiya sai da suka ɗauki makami a shekara ta 91 kafin miladiyya, kafin a ba su haƙƙin da suka daɗe suna nema. Masanin tarihi Kasiyas Diyo ma ya ce haraji Karakalla yake hange da ya ba da 'yancin ɗan ƙasa.

Duk da haka, dabara ce da ta yi aiki. Basaraken lardin da ya san ɗansa zai iya zama ɗan majalisa a Rum ba ya gaggawar tawaye. Yaƙi ya kafa daular Rum, amma rabon da ta bai wa manyan ƙasashen da ta ci shi ne ya riƙe ta ɗaruruwan shekaru.