Daga Allon Yumɓu Zuwa Zauren Kotu: Tarihin Dokar Karayar Arziki

Dokar karayar arziki ita ce tsarin da hukuma ke bi idan bashi ya fi ƙarfin mutum ko kamfani: a tattara abin da ya rage, a raba wa masu bin bashi, a kuma yanke makomar wanda ake bi. Tushenta ya kusan kai sarauta tsufa.

A birnin Uruk, kudancin Iraƙi ta yau, rubutu ya fara bayyana wajen shekara 3300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma yawancin allunan yumɓun da aka tono a can lissafi ne: sha'ir nawa ya shiga rumbu, tumaki nawa aka damƙa wa makiyayi. Birane sun bunƙasa ne a gindin fadoji da gidajen bauta, kuma fadojin da gidajen bautar da attajirai ne ke ba manomi rance ya biya da kaka. Kuɗin ruwan kuwa mai nauyi ne, kashi 20 cikin ɗari a kan azurfa, kashi ɗaya cikin uku a kan sha'ir. Fari na shekara guda ya isa ya rusa gida. Gona ce ke fara tafiya jingina, sai 'ya'ya, sai mata, daga ƙarshe maigidan da kansa.

Sarakunan farko sun gane haɗarin da wuri. Manomin da ya koma bawan mai bin sa bashi ba ya biyan haraji, ba ya fita yasar magudanan ruwa, ba ya ɗaukar mashi ranar yaƙi. Wajen shekara 2400 kafin Miladiyya, Enmetena, sarkin Lagash a ƙasar Sumer, ya yi shelar soke basussuka tare da mayar da bayin bashi gidajensu. Kalmar da mutanen Sumer ke kiran wannan da ita, amargi, ma'anarta komawa wurin uwa, kuma babu kalmar da ta fi ta dacewa da abin da ke faruwa: yaron da aka kai jingina yana dawowa ɗakin mahaifiyarsa.

A Babila al'adar ta zauna daram. Sabon sarki kan buɗe mulkinsa da irin wannan shela, a farfasa allunan da aka rubuta bashi a kansu. Hammurabi, wanda ya yi mulki daga 1792 zuwa 1750 kafin Miladiyya, ya sa an sassaƙa dokokinsa a kan dogon baƙin dutse da aka gano a Susa a 1901, yana kuma gidan tarihi na Louvre a Faransa yanzu. Doka ta 117 ta ce wanda aka bayar saboda bashi zai yi aiki shekara uku, a ta huɗu a sake shi. Ta 48 ta ɗauke wa manomin da ambaliya ko fari ya cinye gonarsa biyan hatsi da kuɗin ruwa na wannan shekara. Shelar jikan jikansa, Ammisaduƙa, ta gangaro har kan mai sayar da giya a unguwa, ta hana ta karɓar bashin da ta bayar. Amma ba ta taɓa jarin da aka ba fatake don kasuwanci ba. Tun a lokacin an bambanta bashin yunwa da bashin neman riba.

A Atina, Solon ya soke basussuka a 594 kafin Miladiyya, ya tumɓuke duwatsun jingina daga gonaki, ya haramta ba da rance a kan jikin mutum. Rum ta fi tsanani. Dokokinta na Alluna Goma Sha Biyu sun yarda a ɗaure mai bashi da sarƙa kwana 60, a fito da shi ranakun kasuwa uku ko wani zai fanshe shi, in ba a samu ba a sayar da shi ƙetaren kogin Taiba. Sai a 326 kafin Miladiyya aka soke bautar bashi.

Musulunci ya zo da umarnin a yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta nuna. Ɗaliban fiƙihun Malikiyya a zaurukan ƙasar Hausa sun san babin taflisi: alƙali ya hana muflisi, wato wanda ya karye, taɓa dukiyarsa, ya sayar, ya raba gwargwadon bashin kowa, ya bar masa sutura da abin ciyar da iyali. Mai bin bashin da ya tarar da hajarsa tana nan yadda take, shi ya fi cancanta da ita.

Dokar zamani ta tsiro ne a Ingila. Ta 1542, zamanin Henry na Takwas, ta ɗauki ɗan kasuwar da ya karye tamkar mai laifi. Babban sauyi ya zo a 1705, lokacin Sarauniya Anne, inda a karon farko aka yarda a wanke ɗan kasuwar da ya bayyana dukiyarsa gaba ɗaya daga sauran bashin. Wanda ya ɓoye kuwa hukuncinsa rataya, kuma an rataye John Perrott a 1761 a kan haka. Sai dai sassaucin na 'yan kasuwa ne kaɗai. Talaka yana nan a kurkuku. A 1824 aka kulle mahaifin marubuci Charles Dickens a gidan yarin Marshalsea a kan bashin kusan fam 40 na mai gasa burodi, yaron ɗan shekara 12 yana can yana liƙa takarda a jikin kwalaben man goge takalmi. Abin takaici ne a ce Babila ta ƙayyade wa'adin bawan bashi shekaru fiye da 3,500 kafin Ingila ta daina ɗaure yawancin masu bashi a 1869.

Amurka ta yi ta kai-komo. Ta kafa doka a 1800, 1841 da 1867, tana soke kowace bayan 'yan shekaru, har ta 1898 ta tsaya. Garambawul na 1978 ya kawo Babi na 11, wanda ke barin kamfani ya ci gaba da aiki yayin da ake sake tsara bashinsa. Ta wannan ƙofa kamfanin General Motors ya bi a 2009.

Nijeriya na da dokar karayar arzikin ɗaiɗaikun mutane tun 1979. A watan Agustan 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta ba kamfanin da bashi ya yi wa katutu damar sasantawa da masu bin sa, ko a naɗa masa mai kula na wucin gadi, kafin a kai ga rufe shi.