Tarihin Cirko-Cirko a Cibiyar Kwamfuta

Mafi yawan wayoyin da ke aljihunan mutanen Zangon Kumasi na Android ne, kuma cibiyar da ke tafiyar da su ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991. Tana da wata tsohuwar cuta da ke sa na'ura ta daskare.

A ɗauki misalin mai awo da mudu ɗaya tilo. Yana cikin awo sai ɗan aiken sarki ya iso, ya ce masa kada ya motsa sai an biya bukatar fada. Bukatar kuwa awo ce, ga shi mudun yana hannun wanda aka hana motsi. Sai a yi cirko-cirko. Haka yake a cibiyar kwamfuta. Wani aiki zai riƙe makullin da ke tsare wasu bayanai, sai saƙon gaggawa ya zo daga allo ko na'urar sadarwa ya katse shi. Idan mai karɓar saƙon yana neman makullin nan, kowa zai jira ɗan'uwansa har abada.

Edsger Dijkstra, masani ɗan Holand, ya bayyana irin wannan cijewa tun 1965. A 1971 Edward Coffman da abokan aikinsa suka zayyana sharuɗɗa huɗu waɗanda sai sun haɗu take aukuwa. Da Linux 2.0 ta fito a 1996, mai iya aiki da ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya, sai aka sa wa cibiyar babban makulli guda. Ya kare ta, amma ya jawo nawa. Da aka rarraba shi zuwa ƙanana, sai hanyoyin cijewa suka yawaita.

Maganin da aka tsaya a kansa shi ne a rufe ƙofar katsewa kafin a ɗauki makulli, a buɗe ta bayan an ajiye shi. Sai dai ɗan Adam ajizi ne, yakan manta. Saboda haka a 2006 Ingo Molnar ya shigar da lockdep, manhajar da ke lura da jerin yadda ake ɗaukar makullai, ta yi gargaɗi tun na'ura ba ta tsaya ba. Babban makullin kuwa sai a 2011 aka cire shi, shekara 15 bayan sa shi.