Daga Jinin Asibi Zuwa Awon Yara a Mamobi: Tarihin Gwajin Magani a Gana

Kowace ranar awon yara, mata sukan cika harabar asibitin Mamobi da goyo. Akwai matan Nima, akwai na Mamobi, akwai Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Farafara, Musulmi da Kirista. Ma'aikaciyar jinya takan ɗiga wa jariri magani a baki, ta yi masa allura, ta rubuta a kati. Kaɗan ne daga cikin iyayen suka san cewa kowane ɗigo yana da tarihi, kuma an fara gwada shi a jikin 'ya'yan waɗansu mutane kafin ya iso gare su. Wannan tarihi ya shafi zango ƙwarai, gama akwai alheri a cikinsa, akwai kuma abin tsoro.

A zamanin Turawa, sa'ad da ake kiran ƙasar Gwalkwas, ba cutar da ta fi firgita bakin teku kamar shawara. A shekara ta 1927 likitocin Gidauniyar Rockefeller ta Amurka suna neman sanadinta a Afirka ta Yamma. A ƙarshen watan Yuni na wannan shekara, Dokta Alexander Mahaffy ya ɗebi jinin wani mutum mai shekara 28 a garin Kpeve, wanda zazzaɓi ya kwantar. Sunan mutumin Asibi, suna ne da kunnen ɗan zango ya saba ji, na wanda aka haifa ran Asabar. Aka kawo jinin Accra, birnin da Hausawa ke kira Ankara, aka sa wa biri, birin ya kamu ya mutu. Asibi kuwa ya warke. Daga wannan jini ne aka riƙe ƙwayar cutar, aka yi ta raunana ta a ɗakin bincike, har a 1937 Max Theiler ya fitar da allurar rigakafin shawara. Theiler ya sami lambar Nobel a 1951. Har wa yau, duk mai katin allurar shawara, ko maniyyaci ne ko ɗan kasuwa mai ƙetare iyaka, yana ɗauke da abin da ya samo asali daga jinin Asibi.

Masu binciken ma sun biya da rayukansu. Dokta Adrian Stokes ya mutu da shawara a Ikko a 1927. Dokta Hideyo Noguchi, mutumin Japan, ya zo Ankara a ƙarshen wannan shekara yana riƙe da wani ra'ayi a kan sanadin cutar, wanda daga baya aka tabbatar kuskure ne. Cutar ta kashe shi ran 21 ga Mayu, 1928. Bayan 'yan kwanaki ta kashe Dokta William Young, shugaban ɗakin binciken Ankara. Don tunawa da Noguchi ne gwamnatin Japan ta gina cibiyar binciken lafiya a Jami'ar Gana da ke Legon, aka buɗe ta a 1979, tafiya kaɗan daga Nima.

Wani darasi ya fito daga asibitin yara na Princess Marie Louise a Ankara. Wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ta iso ƙasar a 1929. Ta riƙa ganin yara masu kumburin ƙafa da ciki, gashinsu ya yi ja, fatarsu na saɓulewa. Manyan likitocin Ingila sun ce wata cuta ce da suka riga suka sani. Ita kuwa ta tambayi mutanen gari, suka ce mata a harshen Ga sunanta kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka ture daga nono domin ƙane ya biyo. Bahaushiya ta san wannan, ita ce matsalar kwanika. Williams ta lura cewa yaran kunun masara kaɗai suke sha, kuma in an ba su madara da wuri sukan farfaɗo. Ta rubuta bayaninta a 1933, sa'an nan a 1935 ta shigar da sunan nan na Ga cikin littattafan likitanci na duniya. Kayan aikinta mafi amfani shi ne kunne, domin ta saurari iyaye mata.

A cikin waɗannan shekaru ne Nima ta kafu. Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami fili a hannun mutanen Ga a farkon shekarun 1930. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu baƙi suka kwararo neman aiki a barikokin soja da gidajen Turawa, aka kuma kafa asibitin soja na 37 a kusa a 1941. Unguwa ta cika ba tare da tsarin magudanan ruwa ko isassun bandakuna ba. Babban kwalbatin da ya raba Nima da Mamobi ya zama matattarar shara da sauro. Saboda haka cututtukan da aka fi bincike a kansu a Gana, wato zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa, su ne baƙin da suka daɗe suna ƙwanƙwasa ƙofar zango.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ake nufi da gwajin magani. Mutum yakan sha magani ya warke, amma watakila da ma zai warke ko bai sha ba. Domin a rabe gaskiya da zato, sai a raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su sabon maganin, ɗaya kashin a ba su tsohon magani ko ƙwaya mai kama da shi wadda ba kome a ciki. Sau da yawa likitan kansa ba ya sanin wa ya sami wanne sai an gama. Daga nan a ƙirga, a kwatanta. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da sura ta fari ta littafin Daniyel, inda ya roƙa a gwada shi da abokansa kwana 10 da ganye da ruwa, sa'an nan a kwatanta su da samarin da ke cin abincin sarki. Abin lura a nan shi ne Daniyel da kansa ya nemi gwajin, ya kuma san abin da ake gwadawa.

Babban aikin irin wannan a Gana ya tashi ne daga arewa, a Navrongo, garin da limaman Katolika suka kafa mishan a 1906, kuma yankin da 'yan Nima da yawa ke kira gida. Daga 1989 zuwa 1991 aka gwada bitamin A a kan yara fiye da 21,000. Kowane wata 4 ana ba waɗansu bitamin, waɗansu kuma ƙwaya marar kome. Da aka ƙirga, mutuwar yara ta ragu da kashi 19 cikin 100 a wajen waɗanda suka sami bitamin. Daga 1993 zuwa 1995, ƙarƙashin jagorancin Dokta Fred Binka, aka gwada gidan sauro mai magani, mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 17 cikin 100. Har ila yau a Navrongo aka gwada tura ma'aikaciyar jinya ta zauna cikin ƙauye tana bin gida gida, maimakon ta jira marasa lafiya a asibiti. Gwamnati ta karɓi wannan tsari ta yaɗa shi a ƙasa duka. Cibiyar Navrongo da ta Kintampo da ta Dodowa su ne cibiyoyin bincike uku na Hukumar Lafiya ta Gana.

Ba kowane gwaji ne yake ba da amsar da ake so ba. A yankin Kintampo an ba mata fiye da 200,000 bitamin A ko ƙwaya marar kome mako mako, da begen rage mutuwar mata wajen haihuwa. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna bai rage ba. Wannan ma riba ce, gama ya hana a zuba kuɗin talakawa a inda ba amfani. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Maganin ɗigo na rigakafin gudawar jarirai kuwa, wanda aka gwada a Navrongo tare da masanan cibiyar Noguchi, ya yi aiki, Gana ta shigar da irin wannan rigakafi cikin allurar yara a 2012. Haka kuma Kintampo da Agogo suna cikin wurare 11 a ƙasashen Afirka 7 da aka gwada allurar zazzaɓin cizon sauro daga 2009 zuwa 2014. Ta rage kamuwa da wajen kashi ɗaya cikin uku ga yaran da suka sami allura 4. Gana ta fara ba da ita a waɗansu yankuna a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da ita a 2021.

To, amma tarihin yana da ɗaya fuskar. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, ta kashe dubbai. Kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano a kan yara wajen 200, rabi Trovan, rabi wani magani. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Bayan doguwar shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Illar ba ta tsaya a kotu ba. A 2003 Kano da waɗansu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargi, kuma labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Kafin a koma a 2004, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama, har da Gana. Zango da Kano kuwa dangi ne tun zamanin fataucin goro, abin da aka faɗa a can yakan iso nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Gana ma ta ɗanɗana irin wannan tsoro. A 2015, bayan Ebola ta yi ɓarna a Gini da Saliyo da Laberiya, Hukumar Abinci da Magunguna ta ba da izinin gwada allurar rigakafin cutar a Hohoe. Labari ya fita ta gidajen rediyo kafin a yi wa jama'a cikakken bayani. Aka riƙa cewa za a sa wa mutane cutar a kan wayar hannu da 'yan kuɗi, alhali allurar ba ta iya haddasa Ebola. 'Yan majalisa suka tashi, Ministan Lafiya ya dakatar da aikin a watan Yuni. Kafin majalisa ta sake ba da hanya a ƙarshen shekara, lokaci ya ƙure, aka yi gwajin a waɗansu ƙasashe. Takardun izini sun cika, amma ba a fara neman yardar gari ba.

Da annobar korona ta zo, an ga amfanin abin da aka gina. Cibiyar Noguchi ce ta tabbatar da mutum biyu na farko ran 12 ga Maris, 2020. Aka rufe Ankara mako 3, abin da ya yi wa Nima nauyi, inda gida ɗaya kan ɗauki iyalai da yawa, kuma abincin dare yana jiran cinikin rana. Ran 24 ga Fabrairu, 2021, Gana ta zama ƙasa ta farko da ta karɓi allura ta shirin COVAX, guda 600,000. Shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, wanda gidansa ke Nima, ya karɓa a bainar jama'a a asibitin soja na 37. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, shi ma ya karɓa, haka kuma shugabannin ikkilisiyoyi. Gani ya kori ji.

A yau doka ta kāre mai shiga gwaji. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta hana a gwada magani a Gana sai da izinin Hukumar Abinci da Magunguna, kuma dole kwamitin ɗa'a ya duba shirin. Wanda aka gayyata yana da iko a yi masa bayani da harshen da yake ji. Yana da iko ya tambayi wa ya ba da izini, wace illa ake tsoro, wa zai biya jinya in abin ya ɓaci. Yana da iko ya ƙi, ko ya fita a tsakiya, ba tare da an hana shi magani a asibiti ba. Amma doka a takarda ba ta amfanar wanda bai iya karanta ta ba.

A nan ne aikin ikkilisiya yake. Kiristocin zango 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, amma famfo ɗaya suke ɗiba, sauro ɗaya ke cizon 'ya'yansu. Cikinsu akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya masu jin Hausa da Turanci da harsunan arewa. Irin waɗannan za su iya zama kusa da uwar da aka miƙa wa takarda, su karanta mata, su tabbata ta fahimta kafin ta dangwala yatsa. Mai wa'azi kuma ya kiyaye bakinsa daga yaɗa jita-jitar da bai bincika ba, gama shaidar zur zunubi ce ko a kan magani ne. Haka nan kada ya matsa wa kowa ya shiga gwaji domin an yi wa majami'a alkawarin taimako. Kowane mutum an halicce shi cikin kamannin Allah, jikinsa ba kayan aron kowa ba ne. Iyayen Navrongo da Kintampo da suka yarda aka gwada magani a kan 'ya'yansu sun yi wa yaran Mamobi alheri ba tare da sun san su ba. Ya dace a gode wa Ubangiji saboda su, a kuma tsaya a ga cewa duk wanda za a nemi irin wannan alheri a wurinsa nan gaba an faɗa masa gaskiya tun da fari.